Baba Mai Fenti da Kakar Bene

Kafin hannunsa ya fara rawa, Baba Mai Fenti ya yi suna wajen miƙe layi. Allunan shagunan unguwar duk aikinsa ne, daga na tela har na mai aski. Ba ya awo da igiya, ido kawai, amma sai ka rantse inji ne ya buga. Da ciwon ya zo, likita ya ce ba ya kisa, kuma ba ya warkewa. Ranar da ya rubuta wa wani mai kemis allo, haruffan suka fito kamar tsutsotsi, sai ya wanke buroshinsa ya tura ƙarƙashin gado. Daga nan sai zaman tagumi a bakin ƙofa. Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji.

A saman benen gidan da suke haya akwai wata tsohuwa daga can gabas mai nisa, ta biyo ɗanta injiniya da ya zo aikin gada. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata, sai aka sa mata Kakar Bene. Kullum da safe takan sauko da bokitin ruwa da ƙaton buroshi mai laushi, ta yi ta zane a simintin tsakar gida. Kafin ta kai ƙarshe, rana ta shanye farkon.

"Wannan baiwar Allah ba ta da aikin yi," in ji Baba, amma bai daina kallo ba.

Wata safiya ta miƙo masa buroshin. Ya ɗaga hannunsa ya nuna mata yadda yake karkarwa. Ko a jikinta. Ta kama gwiwar hannunsa ta ɗaga, ta saki dogon numfashi, suka ja layi tare. Layin ya fito yana lanƙwasa, nan kauri, nan siriri. Baba ya ji kunya. Ita kuwa ta tafa, ta nuna masa reshen bishiyar da ke leƙo katanga, iska na kaɗa shi.

Daga ruwa suka koma baƙar tawada da wata siririyar takarda mai shan ruwa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne tsayawa. Ya saba cike allo taf, ita kuma da ya yi niyyar ƙarawa sai ta buge masa hannu. Ɗanta ne ya taɓa yi musu tafinta: "Baba, ta ce inda ka bari fari ba wofi ba ne, nan ne ruwa, nan ne sama."

Sai ya shiga zuwa bakin kogi, ya zauna yana kallon ciyawa tana kwanciya tana tashi. In ya dawo ba kogin yake zanawa ba, motsinsa yake kamawa. Amma mai fenti ba ya haƙura da baƙi kaɗai. Ya jawo tsofaffin gwangwanayensa, ya ɗiga shuɗi da ruwan ƙasa. Kakar Bene ta ɓata rai, washegari ta sauko aron shuɗin.

"Maigida, kaza ce ta taka tawada?" matarsa ta tambaya, tana juya wata takarda.

"Ruwan sama ne a kan kogi."

"To ina kogin?"

"Ga shi kin riƙe shi a kife."

Ta rataye zanen a ɗaki a kifen, ta ce haka ya fi kyau.

Da aikin gada ya ƙare tsohuwar ta koma ƙasarsu. Yanzu ta waya suke nuna wa juna takardu, ita tana faɗa da yarenta, shi da nasa. 'Yarsa, wadda ke aikin jinya, ta kwashi wasu zane-zanensa ta liƙa a ɗakin jira na asibitinsu. Ranar da Baba ya je karɓar magani, ya tarar da wani direba da wata mai goyo suna gardama a gaban ɗaya, shi ya ce dutse ne, ita ta ce guguwa. Direban ya juyo.

"Dattijo, raba mu. Me ka gani?"

Baba ya ƙura wa zanen ido, ya daɗe.

"Wallahi, ɗana, yau ni ma dutse nake gani."