Zan Riga Ku Isa Duwala

A da, idan aka yi rasuwa a Duwala, mu mutanen unguwar Briketeri a Yawunde ba ma tsayawa shawara. Mota ɗaya muke cikawa, mahauta da teloli da 'yan kasuwa, a kama hanya ana salati ana gyangyaɗi. Yanzu waya na gaya wa kowa cewa daga Yawunde zuwa Duwala a jirgi bai kai awa ɗaya ba, a mota kuwa kusan rabin yini ne.

Ina da amini tela, layi ɗaya muka tashi kafin ya koma Duwala. Ya sha faɗa a gaban 'ya'yansa cewa in ya riga ni, ni zan shiga kabari in karɓe shi. Wata safiya babban ɗansa ya kira ni. "Baba, abokinka ya cika. Bayan la'asar za a kai shi."

Na tarar da mutanen unguwa a ƙofar masallaci, za su tafi ajans, inda ake shiga motar Duwala. Maƙwabcina mahauci ya ce, "Alhaji, mun bar maka kujerar gaba saboda gwiwarka."

Na ce, "Ku tafi, ni jirgi zan bi. Zan riga ku."

Ya ce, "Duwalar nan ta bayan gida? Allah Ya ba mu girma irin naka."

Na taɓa sauka a Jidda, na taɓa sauka a Istanbul da Legas, ina ganin na san tafiya. A can jirgin kusa kamar taksi yake, in wannan ya wuce wani na tafe. Namu guda ɗaya ne kafin dare. Filin jirgi kuma can bayan gari yake, na sha cunkoso kafin in kai. Da lokacin tashi ya yi, aka yi sanarwar jinkiri. Na ji da Faransanci, na ji da Turanci, duk maganar ɗaya ce. A nan na yi azahar, a nan na yi la'asar. Yaron ya yi ta kira har na kasa ɗagawa.

Da muka tashi, ban gama shan ruwan da aka miƙo mini ba muka fara sauka.

Ana kiran magariba na isa gidan. Mutanen unguwarmu na zaune a kan tabarma. Mahaucin ya matsa mini wuri, ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji." Gara ma da ya yi mini tsiya.

Yaron ya durƙusa a gabana. "Mun jira, Baba, har liman ya ce rana za ta faɗi."

"Wa ya karɓe shi?"

Ya dubi mahaucin. Sai a lokacin na lura da ƙasar kabari a wandon maƙwabcin nawa har gwiwa.

A motarsu na dawo, a kujerar baya. Tun daga ranar, in an yi rasuwa a wani gari, ajans nake bi tare da jama'a. Amma a cikin tsarana babu wanda ya ƙara ce mini ni zan karɓe shi.