Butar Malama Damaris

Malama Damaris 'yar Zonkwa ce, tana koyarwa a wata firamare a Kakuri tun kafin wasu malaman su iya ɗaura wando. Ba ta fashin coci, amma a ƙarƙashin teburinta akwai buta cike da ruwa. Masu tsegumi sun yi har sun gaji.

Ba don kanta ta ajiye ba. Ta daɗe da lura cewa malami ba ya fashewa sai ya nuna alama, wani muryarsa ce ke rawa, wani alli yake karyawa. In Kirista ne, ta ja shi gindin mangwaro su yi addu'a. In Musulmi ne, ta miƙa masa butar: “Je ka yi alwala, na riƙe maka ajin.”

Wanda ya fi shan butar nan shi ne Malam Yahaya na Unguwar Mu'azu, gwanin lissafi, mai zuciya a kusa. Hedimasta ya riga ya ja masa kunne, in ya sake ɗaga wa wani hannu, a bakin aikinsa. Ga mata, ga jariri. Abin ya dami Damaris ƙwarai, don tana son yaron nan kamar ƙanenta.

Ran nan wani uba ya faɗo ajin Yahaya, wai an kayar masa da ɗa a jarrabawa. Ya zage shi tas a gaban yara, har da nuna shi da yatsa. Damaris na ajinta, tana hango su ta taga. Ta ga Yahaya ya dunƙule hannu. Ta so ta kai masa butar, amma ta ƙi motsawa, don ba kullum za ta kasance a makarantar ba.

Sai ga shi ya fito, ya shigo ajinta ko sallama babu. Ya sunkuya ya ɗauki butar da kansa.

Da ya koma ajinsa, ruwa na ɗiga a gemunsa, ya jawo wa mutumin kujera. “Baba, zauna mu duba takardar tare.” Mutumin ya zauna.

Damaris ta share ido da bakin mayafi, ta juya ga ɗalibanta.

“Kallon me kuke yi? Ina muka tsaya?”