Ragamar Karen Baba

Ni ban taɓa kiwon kare ba, ban kuma nema ba. Wanda ya kawo shi abokin marigayi mahaifina ne, wani dattijo Bakambare, manomi, da ke zaune a kan tudu can ƙetaren ruwa. Baba muke ce masa tun muna yara. Yanar ido ce ta kawo shi asibiti a Yelwa, aka ce sai an yi aiki. Na je tarbarsa bakin ruwa, ya sauko daga kwale-kwale da jakarsa da sandarsa da wani jan kare jiƙe sharkaf, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance.

Ya ce, "Ba ni na kira shi ba, ɗana. Jirgi na tashi ya faɗo ruwa, mai jirgi ya ji tausai ya tsamo shi."

Asibiti ta karɓi Baba, ba ta karɓi karen ba. Na kawo shi gida. Inna, mahaifiyata, ta leƙo daga ɗakinta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dube ni, ta ce kada ya taka tsakar gida, kada kuma inuwarsa ta faɗa kan butarta. Na ɗaure shi a gindin darbejiya bayan gida. Ya yi ta kuka har maƙwabta suka fara aiko gaisuwa. Da na kwance shi na fita da shi sai ya yi shiru. Daga ranar, kullum bayan sallar asuba, kafin in tafi makarantar da nake koyarwa, sai in fita da shi.

Ko kuwa dai in ce ya fita da ni. Karen bai san igiya ba tunda aka haife shi. Ta akuya na samo na zarga masa a wuya, na bar ta da tsawo don kada yawunsa ya taɓa mini riga. Tsawon nan ya ba shi filin ɗaukar gudu. Yakan ja har idanunsa su firfito, yana tari irin na tsohon mashayin taba, amma bai fasa ba. Hanyarsa ɗaya ce, bakin ruwa. 'Yan kabu-kabu da ke bakin titi suka riƙa ce mini, "Malam, ina zuwa da sauri haka?" Nakan ce shi za su tambaya.

Maiɗakina tela ce, tana da keken ɗinki a falo. Tarin nan ya dame ta. Ta duba a waya ta ga yadda ake yi wa karnuka ɗamara a ƙirji maimakon igiya a wuya. Ta farke madaurin wata tsohuwar jakar makaranta, ta ɗinka, ta sa zobe a gadon baya inda za a ƙulla igiya. Ɗinkin ya yi kyau, babu inda ya goge shi. Tari ya tsaya cak.

Sai dai da wuya kawai yake ja a da, yanzu kuwa an ba shi ƙirji da kafaɗu. Ranar da muka fara gwadawa ta dace da ranar kasuwa. Ya ratsa da ni ta tsakiyar mata masu bandar kifi, ina ba da haƙuri hagu da dama, muka gangara, ban samu tsayawa ba sai da ruwa ya kawo mini gwiwa. Takalmina ƙafa ɗaya yana cikin taɓon nan har yau. Wani masunci da ke gyaran koma ya ɗago kai ya ce, "Sannu Malam. Da garma ka ɗaura mishi, da yanzu kun gama kunya biyu." Ya koma kan aikinsa.

Maiɗakina ba ta ji daɗi ba, don ɗinkinta ne. Ta koma waya, ta samo wani samfurin. Madauri ɗaya ya zagaye hancin daga sama, da sako-sako yadda zai iya haki ya sha ruwa, ɗaya ya bi ta bayan kunnuwa, zobe kuma a ƙarƙashin haɓa. Ta kai wa Inna hoton ta gani.

Inna ta ce, "Mi a sabo nan? Ragamar jaki ce."

Awo ne ya ba mu wahala. Ni na riƙe kare, ita ta tsaya nesa da tef a hannu tana ƙiyastawa da ido. Sai a ɗinki na uku ya zauna daidai.

Ranar farko da na sa masa, ya kwanta ya yi ta birgima yana kartar fuska da ƙafafu. Ya ƙi tashi. A karon farko ni ne mai ja, na kuwa gane ba ni da baiwar. Sai na riƙa cika aljihu da gutsattsarin busasshen kifi. In ya sa hanci cikin madaurin da kansa in ba shi, in ya taka kusa da ni in ƙara masa. A makaranta hedimasta ya tambaye ni a asirce ko na fara wata sana'a ne.

Bayan 'yan kwanaki ya haƙura. Abin da ragamar ke yi kaɗan ne. In ya zabura, kansa sai ya juyo, ya tarar ni yake kallo. Ba na fizga, tsayawa kawai nake yi har igiya ta saki, mu ci gaba. Mukan kalli juna haka sau da yawa kafin mu isa. Mutanen unguwa suka ɗauka takunkumi ne, labari ya bazu cewa karen Malam yana cizo. Ban ƙaryata ba, don ban taɓa samun hanya a buɗe haka ba.

Da na daina zuwa bakin ruwa ina haki ne na lura da abin da yake yi a can. Yakan zauna daidai inda aka sauke su shi da Baba, duk jirgin da ya iso ya bi mutanen ciki da hanci ɗaya bayan ɗaya. In sun ƙare ya dube ni, mu koma.

Aka sallami Baba da baƙin tabarau a fuska. Karen ya ji muryarsa tun daga ƙofar gida, ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Baba ya tsuguna ya shafa kansa, yatsunsa suka ci karo da madauri. Ya bi shi a hankali har ƙarƙashin haɓa.

"Wannan fa?"

Na ce, "Ja yake yi, Baba."

"Ja? To, ban sani ba. Ni ban taɓa riƙe shi ba."

Ya yaba ɗinkin ƙwarai, ya sa wa maiɗakina albarka, sannan ya zare ragamar ya miƙo mini. Na raka su bakin ruwa, karen yana bin dugadugansa. Karen ne ya fara shiga jirgi, ya zauna a goshi, bai waiwayo ba. Baba ne ya riƙa ɗaga hannu, yana ɗaga wa wani mutum da ke tsaye can gefena, a zatonsa ni ne.

Na dawo gida a hankali. Inna na zaune a kan tabarma tana jan carbi.

Ta ce, "Sun tahi?"

Na ce sun tafi.

"To, ga tsintsiya can. Ka fara da gindin darbejiya."