Ranar da Cindo Dillali Ya Koma Kan Ciniki

Cindo mutumin Ɗanzomo ne asalinsa, amma a Maigatari ya girma, a nan ya tsufa. Tun yana saurayi ya shiga kara yana dillancin shanu, kuma shekara talatin da wani abu ba Alhamis ɗin da ba a gan shi a can ba, da sandarsa da malafarsa. Bai yi boko ba ko na yini ɗaya. Amma a kawo sa daga Damagaram, ya zagaya shi sau ɗaya, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya dafa tozo, to zai faɗa maka shekarunsa da irin wahalar da ya sha a hanya. Kuma yana da hali guda da kowa ya san shi da shi: in an sallama, an sallama. Ba ya mayar da dabba, ba ya yarda a mayar masa.

Yana da ƙane, Ubale, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai tsakaninsu da nisa, kusan shi ya raine shi. Ubale direban gingimari ne, yana kai shanu Kudu. Mutum ne mai surutu da dariya, in ya dawo daga tafiya unguwa duka sai ta sani. To, bayan an raba jiharmu da Kano da 'yan shekaru, taya ta fashe masa a hanya, mota ta kife. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙashin baya ya taɓu, ƙafafu duka biyu suka mutu. Aka dawo da shi gidan Cindo, aka shimfiɗa masa a ɗakin da ke kusa da zaure.

Ciwon jiki ya warke, sai dai mutumin ya ƙi dawowa. Ya daina magana. A'i matar Cindo ta dama kunu, ta dama fura, ta yi farfesu, ya kurɓa sau ɗaya ya juya fuska bango. Wata uku ana haka, har wuyan hannunsa ya koma kamar na yarinya. Likita ya ce da Cindo, "Malam, ni na yi nawa. In bai ci abinci ba, ba zai kai kaka ba."

Wata rana aka kai shi asibiti Gumel. A hanyar dawowa suka tsaya a buga wata takarda a shagon Nehemiya, wani mutumin ƙasar Jos, akawu ne, in ya tashi daga aiki yana buga wa mutane takardu da kwamfuta. Suka tarar ba kowa sai shi, yana ta wasan tseren mota a cikinta. Aka ajiye keken Ubale a bakin ƙofa. Cindo ya waiwaya, sai ya ga idon ƙanensa a kan gilashin kwamfutar, hannunsa na dama kuma yana motsi a kan cinya kamar mai sa giya. Wata uku bai ga yaron nan ya kalli wani abu haka ba.

Ya ja Nehemiya gefe. "Malam Akawu, wannan abin nawa yake?"

Nehemiya ya yi dariya. "Sabuwa? Baba, sai ka sayar da garke."

"Ba ni da garke. Sa ɗaya nake da shi a turke."

Nehemiya ya dubi Ubale, ya daina dariyar. Ya ce akwai hanya. A Kano ana sayar da kayan cikinta na hannu, ɗai-ɗai, mutum ya tsinto wannan nan, wancan can, a haɗa. In an yi zaɓe da hankali, kuɗin sa zai isa.

Alhamis Cindo ya sayar da sa, Asabar suka kama hanyar Kano su biyu.

Shagon wani ɗan matsattsen wuri ne, kaya jibge har rufi. Nehemiya ya fito da takarda yana karantawa, mai shagon yana miƙowa. Cindo kuwa duk abin da aka ajiye sai ya ɗaga ya ji nauyinsa.

"Wannan akwatin ya fi faɗin ƙirji," in ji shi.

"Baba, akwati riga ce kawai. Mu ɗauki mai tsatsan nan, kuɗin mu zuba shi a ciki."

"Gilashin fa? Ga babba can."

"Ƙaramin ya isa. Ba gidan kallo za mu buɗe ba."

Aka kawo wani ɗan abu kamar sabulun wanka, ƙasansa duk 'yan ƙusoshi. Nehemiya ya ce ita ce ƙwaƙwalwar. Cindo ya kife ta a tafin hannu, ya kai ta haske, ya bi ƙusoshin layi-layi.

"Haƙori ɗaya ya karkace," ya ce.

Suka duba, haka ne kuwa. Mai shagon ya sosa ƙeya ya canza wata. Nehemiya ya ce, "Kai, Baba, ashe injiniya na zo da shi!" To wannan yabon shi ya ja masa.

Daga ƙarshe aka ɗauko wani ɗan falle, bai fi tafin hannu ba, kuma shi ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Nehemiya ya ce kati ne, shi ke zana titi da mota a gilashi, in babu mai kyau ba wasa. Ya ce a haɗa kaya, bari ya leƙa layin baya ya sayo waya.

Yana fita, Cindo ya hango wani katin a kwali can ƙasa. Irinsa ne sak, amma ya yi biyunsa a tsawo, ga nauyi, ga 'yan ƙulle-ƙulle baƙaƙe birjik a jiki.

"Wancan fa?"

"A'a Baba, wancan tsoho ne, ba zai yi maka ba."

Cindo ya yi murmushi a ransa. A kara, in ka ji mai dabba yana kushe dabbarsa, to ita yake so ya koma da ita gida. Ya san wannan tun kafin a haifi mai shagon.

"Musaya za mu yi. Karɓi ɗan tsurut ɗinka, ba ni babban."

"Baba, ka jira abokin tafiyarka."

"Ni na zo da kuɗin ko shi? Ka sallama?"

Mai shagon ya ɗaga kafaɗa. "Na sallama."

"To mu a wajenmu, in an sallama ba a dawowa," in ji Cindo, da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Ya tura katin ƙasan kwali ya ɗaure da igiya, bai gaya wa Nehemiya ba, wai sai an je gida ya ba shi mamaki.

Da suka iso ya leƙa ɗakin Ubale ya ce, "Na sayo maka mota. Gobe za ka hau."

Washegari Lahadi, da Nehemiya ya taso daga coci ya hau babur ya zo. Aka yi sa'a da wuta. Aka jingina Ubale da matashi, A'i tana leƙe daga bakin ƙofa. Nehemiya yana ta ɗaure-ɗaure, sai ya tsaya yana lalube a kwali.

"Baba, ina ɗan katin?"

"Ga uban katin nan. Ko kwabo ban ƙara ba."

Nehemiya ya karɓa ya duba gaba da baya. "Baba Cindo, wannan ai ya girmi aurena na fari."

Ya dai sa shi, don ba yadda zai yi. Aka kunna. Rubutu ya fito, amma da aka kira wasan mota sai gilashi ya yi wasu zane-zane kore da ja, ya tsaya cik. Aka kashe aka kunna, haka. Aka sake, haka. Ubale ya kalla, ya kalla, sannan ya zame a hankali ya juya bango ya ja mayafi har ka. Ran nan ko ruwa bai karɓa ba.

A tsakar gida A'i ta ce, "Malam, da ba ka yi masa alkawari ba da ya fi."

Cindo ya dubi turke. Ya san bai da wani san a turke. Ya kuma san abin da ya faɗa a shagon mutane, da bakinsa, da ƙarfi.

Litinin da sassafe ya naɗe dogon katin a tsumma ya hau motar Kano shi kaɗai. A'i ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya fita ya manta sandarsa ba sai ran nan.

Mai shagon yana hango shi ya fara dariya. "A'a! Baba na Maigatari! Ba ku ne ba a dawowa ba?"

Cindo ya cire malafa ya tsuguna a bakin shago, dattijo da furfurarsa. Ya ce, "Ɗana, ka gaya mini gaskiya, ni na ɗauka dabara ce. Laifina ne." Ya ba shi labarin Ubale tun daga fashewar taya har mayafin jiya.

Mai shagon ya daina dariya, amma ya ce wani ya riga ya ce a ajiye masa ɗan katin, da la'asar zai zo. "Bari in sallami mutumin nan tukuna, mu ga."

Mutumin kuwa mai raguna ne. An yi wa mai shagon haihuwa, jibi suna, aka kawo masa raguna biyu har ƙofar shago ya zaɓa. Ɗaya ƙato, ciki kamar randa, ɗaya matsakaici. Mai shagon ya dafa ƙaton ya fara taya shi.

Cindo yana tsugune yana roƙo, amma idonsa ba ya iya ƙyale dabba. Ya miƙe ya ɗan bugi cikin ƙaton da bayan hannu, ya saurara, ya buɗe bakin.

"Kada ka taya wannan. An ba shi kanwa ya sha ruwa ya kumbura. Ka yanka shi, ruwa za ka raba wa baƙi. Ga kuma tsufa." Ya matsa gadon bayan ɗayan. "Wannan ne nama."

Mai raguna ya taso da faɗa. "Kai tsoho, wa ya sa da kai?"

"In ƙarya nake, a ɗaure shi nan zuwa azahar mu ga cikin."

Mai raguna ya yi ƙunƙuni, ya ce shi ba shi da lokacin tsayawa. Aka yi cinikin matsakaicin, Cindo ne ma ya ƙarasa shi, ya sauko da kuɗin sosai.

Mai shagon ya shiga ciki ya fito da ɗan katin. "Ungo, Baba. Mai la'asar na nemo masa wani. Amma don Allah daga yau, raguna naka, kati na abokinka."

A mota Cindo ya sa katin a aljihun ƙirji ya dafe da hannu har Gumel. Ya biya ya ɗauko Nehemiya daga wurin aiki, suka iso Maigatari rana ta yi sanyi.

Wannan karon ba a ce wa Ubale komai ba. Yana kwance fuska bango, aka sa kati aka kunna. Sai ga titi ya miƙe fes, ga jar mota, ga ƙarar inji ta cika ɗaki. Nehemiya ya zauna yana danne-danne, ya shiga kwana da gudu ya daki shinge. Ya sake tashi, ya sake daka.

Mayafi ya motsa.

Karo na uku, sai aka ji wata murya a shaƙe, kamar ta fito daga rijiya: "Wa ya koya maka tuƙi?"

Duk suka waiwayo kan Ubale.

"Ana shiga kwana da totur? Ka kashe fasinja kaf. Yaya, ɗaga ni. Miƙo abin nan."

Cindo ya ɗaga shi, aka ɗora masa madannan a cinya. Nehemiya ya nuna masa birki da totur, da hagu da dama. Ya kife sau biyu, ya ja tsaki, ya ce sitiyarin banza ne. Na ukun ya wuce kwanar lafiya lau. A'i ta lallaɓo da kwanon kunu ta tsaya.

"Ajiye nan, Yaya A'i," ya ce, ido a kan titi. "Da sukari?"

"Da sukari."

Da ya kai ƙarshen tseren ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya shanye, ya tambaya ko da saura.

Cindo ya fita zaure ya zauna a ƙasa. Nehemiya ya biyo shi ya same shi yana share fuska da bakin riga yana ta alhamdulillahi.

Ubale bai sake taka ƙasa ba, amma kafin kaka ya yi ƙiba har aka buɗa masa riguna. Bayan shekara aka ba shi kujera a tasha yana tsara lodin motocin shanu, yana zagin direbobi suna dariya. Ya yi shekara goma sha tara a kan wannan kujerar, kuma shi ya aurar da 'ya'yan Cindo mata guda biyu.