Kawu Isiyaku da Akwatunansa Masu Numfashi

Duk wanda ya san Kawu Isiyaku a unguwar Mansur ta Makka ya san ba a nemansa ranar Juma'a bayan la'asar. Ko gobara ce sai dai ta jira, don lokacin zuga akwatunansa ne. Tsofaffin akwatunan kiɗa ne irin na Indiyawa, harmoniya: katako, maɓallai farare da baƙaƙe, da zugazugin fata a baya. Yayan mahaifiyata ne, tela ne kuma na gaske, amma da ya ji za a rushe tsohon gida a unguwar Misfala sai ya ajiye almakashi. Can ka hango shi tafe da akwati a ka, ƙura har gira.

"Zafin Makka ba ya raga wa fata," in ji shi. "In ba a zuga su duk mako ba, sai su bushe su tsage. Abin da ya daina numfashi kuwa sunansa gawa."

Ɗaki ɗaya ne mai mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a gidan. To, wa kuke zaton yake shan sanyin? Akwatuna! Har da kwanon ruwa a kusurwa don kada iska ta yi musu bushi. Shi da matarsa, Inna Rabi, suna falo ana fama da fanka.

"Ya shehu," in ji Inna, "ni ba fata ce a jikina ba?"

"Taki tana gyara kanta, Rabi. Kin taɓa tsagewa?"

Abin dariyar, Kawu bai iya kiɗa ba ko na anini. Maƙwabcinsa, Malam Bukar, ya taɓa hawowa da wa'azinsa a baki, wai kiɗa a garin Allah bai kamata ba. Kawu ya shimfiɗa masa darduma, ya zuga babban akwatin, ya danna. Buuuu! Kamar saniya ta ɓatar da ɗanta. Malam ya tashi ya nemi takalminsa.

"Ci gaba, Isiyaku. Na shaida wannan ba kiɗa ba ne."

Sai maganar jaka. Ƙanwar Inna ta zo hajji ta kawo mata jakar fata 'yar Kano, laushi kamar auduga. Ranar wata walima Inna ta ɗauko, ta jefa wayarta ciki, sai ji muka yi tas a ƙasa. Gindin jaka babu!

"Isiyakuuu!"

"Kada ki tara mana mutane. Zo ki ji jakarki." Ya zuga akwatin da ya yi wa faci da fatar, ya danna. "Kin ji? Da tana cikin kabad ta taɓa cewa uffan?"

Nan Inna ta ce, "Halas! Ranar da ka juya baya, kasuwar haraj zan kwashe su, 'yan gwanjo su yi itacen wuta."

Mu muka yi dariya, shi kuwa maganar ta zauna masa. Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, bai tambayi likita komai ba. Hannuna ya riƙe.

"Sani, yau Juma'a ko? Je ka duba min su. Kada ka bari ta kai su haraj."

Na kama hanyar gidan. Tun daga matakala na jiyo buuuu. Na tura ƙofa, ga Inna zaune dirshan a ƙasa tana zuga akwati, idanunta jawur.

"Me kake kallo? Rufe ƙofa, sanyi na fita!"

Na kira Kawu, na kara wayar a jikin akwatin. Ya saurara. Can ya ce, "Tana sauri. Ka ce mata a hankali."

Bai ga wata Juma'ar ba.

Bayan ta fita takaba wani ɗan gwanjo ya zo taya akwatunan. Da tsintsiya Inna ta raka shi har titi: "Yalla, yi gaba! Jakata na ciki!" Har yau, ranar Juma'a bayan la'asar, ita ma ba a nemanta. Wallahi in na jiyo saniyar nan daga matakala, sai na tsaya na share ido kafin in shiga.

Allah ya jiƙan Kawu. Ya bar wa katako da fata sanyinsa ya kwana cikin zafi. Ya Allah, ka sanyaya masa makwanci. Amin.