Dariyar da Ke Cikin Kaset ɗin Yaya Habibu

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Rajab, a bazarar 1982, mahaifinmu ya dawo daga masallaci da wani ɗan ƙunshi a aljihu, wanda ya iso ta akwatin wasiƙun kamfaninsu. Inna tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa. Da ta ga kan sarki mai ɗauke da hoton wani jan ganye, sai ta ajiye rariya, ta goge hannu a zani, ta ce mini, "Sule, ɗauko rikoda." Kaset ne daga Yaya Habibu, babban wanmu, wanda gwamnati ta tura ƙasar Kanada koyon gyaran injuna. Shekara biyu ke nan ba mu ji muryarsa ba. Wasiƙunsa na boko sai an nemo mai karantawa, Inna kuwa ba ta son maganar ɗanta ta biyo ta bakin wani.

A Panshekara muke zaune, Baba yana aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Warin jima ya kama rigunansa har sabulu ya gaji da su. Shekarata goma sha ɗaya, aikina shi ne ɗebo ruwa da safe, da yi wa akuyoyi ciyawa, da kai wa Baba abincin rana a bakin ƙofar kamfani kafin jiniya ta yi kuka. A hanyar dawowa mukan tsallake rafin da ruwan kamfanoni ke rina shi, yau ja gobe shuɗi, mu yi langa a cikin yashi, sannan in yi la'asar in ɗauki allo. Da kaset ya fara zuwa sai aka ƙara mini wani aikin, wanda na fi so: ni ke shanya batura a rana don su ƙara ƙarfi, ni ke naɗe zare da fensir idan rikoda ta taune shi, ni ke rubuta watan da kowane kaset ya iso a jikinsa, da ajami da tawadar allo, don Inna ta iya zaɓen wanda take marmari.

Hirar Yaya ba ta wuce ta talabijin da zaman mutanen can ba. Ya ce suna da wani wasa da ƙarti ke zamiya a kan ƙanƙara da sanduna, idan suka kaure da dambe 'yan kallo sun fi murna, shi kam bai ga abin so a ciki ba. Ya ce akwai shirin da ake ba mace firji don kawai ta canki kuɗinsa. Ya ce madara a leda ake sayar da ita, karnuka suna sa rigar sanyi, kuma idan ka taka mutum a mota shi zai ba ka haƙuri, amma maƙwabcinka zai shekara bai tambayi sunanka ba. Da ya zo kan mutumin da ke fitowa kullum yana faɗin yadda gari zai wayi gobe, Baba ya sa na tsayar da kaset. "Kuma ba ya cewa in Allah ya so?" in ji shi. Ya yi istigfari, ya ce in ci gaba.

Inna ba labaran ne suka dame ta ba. A bayan muryar Yaya akwai maganar Turanci ƙasa-ƙasa, kuma jifa-jifa sai ka ji jama'a, maza da mata, sun kwashe da dariya gaba ɗaya. A cikinsu akwai wata mata da dariyarta ke ƙarewa a ƙarshe, da wani ƙara kamar kukan zabuwa. Inna ta ɗaga hannu ta yi hamdala. "Yaron nan ya sami jama'a," in ji ta. "Ku ji gida cike, har da tsohuwa mai fara'a." Daga ranar ta daina kukan da take yi bayan sallar asuba. Duk kaset ɗin da za mu mayar, sai ta ce a gaishe mata da mutanen gida, a gaishe da mai dariyar nan da kyau.

Baba ya hana mu kallon talabijin. Amma Malam Garba, mai gyaran wutar kamfani, yana da guda, yakan fito da ita zaure da yamma, ma'aikatan da suka tashi aikin safe su cika tabarmi. Wata Talata, bayan fiye da shekara, na ɓoye allona a cikin dangar wata gona na bi abokaina can. Ana nuna wasu Turawa biyu suna gardama a ɗakin girki, ba kowa sai su. Sai ga dariyar jama'a ta ɓarke, a ƙarshenta ga zabuwar nan tamu. Wani direba ya tambaya ina masu dariyar suke ɓuya, Malam Garba ya ce, "Babu kowa, Tanimu. Ɗaukarta aka yi aka ajiye a na'ura, duk inda ake so sai a danna." Tanimu ya ce, "Ashe har dariya a gwangwani suke sa ta!" Wani ya ce, "A sayo maka guda, ko matarka ta ga haƙoranka." Zaure ya ɗauka. Ni kuwa na gane cewa babu kowa a ɗakin Yaya sai shi da akwatin talabijin.

Ba a yi sati biyu ba wani kaset ya iso. Yaya ya gama karatu, an ba shi aiki a can. Bayan doguwar hira kan wani mawaƙi mai gashi kamar na mata, sai muryarsa ta yi ƙasa. "Inna, sanyin nan yana da tsawo. In kin ce in dawo, gobe zan nemi jirgi." A lokacin kamfanoni suna ta sallamar ma'aikata, daga Sharaɗa har Bompai, Baba ma kullum da fargaba yake fita. Inna ta yi alwala, ta zauna gaban rikoda, na danna jan maɓalli da yatsana. "Habibu, zauna," in ji ta. "Da kai kaɗai ne da na ce ka taho ko da me. Amma na ji mutanenka da kunnena, hankalina kwance yake." Na so in gaya mata abin da na gani a zauren Malam Garba. Sai dai in na faɗa, za a tambaye ni inda na gani, kuma na san inda dorinar Baba take rataye. Na yi shiru har zare ya ƙare.

Kaset ya riƙa zuwa sau biyu a shekara, daga baya sau ɗaya. Bayan shekara biyar wasiƙa ta zo daga limamin wani ƙaramin masallaci a can. Yaya ya rasu a ɗakinsa cikin hunturu, sai da aka kwana uku kafin a sani, mutum shida suka sallace shi. Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi mai karanta wasiƙar ta ce, "To ina jama'ar tasa?" A lokacin na girma, babu sauran tsoron dorina, amma na kasa gaya mata cewa ita ce ta tsayar da shi a kan abin da babu, kuma ni na bar ta. Har ta koma ga Allah tana jin haushin mutanen da ba a taɓa yi ba.

Yanzu kamfanin da Baba ya yi wa aiki ya zama kango, ciyawa ta rufe ƙofar. 'Ya'yan maƙwabtanmu da ke ƙasashen waje suna kiran iyayensu a waya, uwa ta ga fuska, ta ga ɗaki, ta ga ko akwai wani a kan kujera. Ina taya su murna. Na yi shekaru ina koyar da yara karatu, ban taɓa dukan wanda ya zo mini da gaskiya ba. Da na gaya wa Inna gaskiya a ranar nan, bulala biyar ce kawai zan sha. Allah ya yafe mini.