Kawu Issaka da Ingilishin Kasuwar Urafan

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Issaka, ƙanen mahaifiyata, mai sayar da wake a kasuwar Urafan. Bai taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba. Ingilishinsa a Legas ya tsinto shi, inda ya yi shekaru yana dako, kuma na tabbata da Bature zai ji shi sai ya nemi tafinta.

Lokacin ina maimaita aji na uku a kwaleji, darakta ya riga ya ce in makina ya sake faɗuwa, kora ce. Ingilishi ke ja na ƙasa. Mushe, malaminmu na Ingilishi, ya ba mu maganganun Turawa ashirin, irin waɗanda suke faɗin abu suna nufin wani daban. Na haddace su tas. A kwampo na farko, wato jarrabawa, na samu huɗu bisa ashirin, biyu daga ciki na kyan rubutu ne.

Na kai wa Kawu kayena, littafin rubutuna, ina kuka. Ya ƙi fassara mini ko ɗaya a bushe. Sai ya ba ni labarin inda ya fara jin maganar, wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, fuskarsa ta yi yaya. Daga nan ya ce, “Tashi, ɗiyata, ki nemo mini mai ita a garin nan. Maganar da ba ta da mai ita ba ta zama a kai.”

Haka na shiga gari ina raba wa mutane maganganu. Wadda Turawa ke yi wa mai ƙara gishiri a kan ƙaramin abu na ba mai shayin tasha. Wadda suke cewa an zubar da wake, wato an tona asiri, na ba Gwaggo Hajo. Kuskurena shi ne na gaya mata. Ta biyo ni da muciya har kusan garin Mayahi. Kawu ya yi dariya har ya ɓata awon tiya, sannan ya ce a bar suna a ciki, kada a kai wa mai shi.

A kwampo na ƙarshe, kowace tambaya na karanta sai fuskar wani ɗan Urafan ta leƙo. Na samu goma sha biyu, na wuce. Da damina ta faɗi Kawu ya kwanta kwana biyar, ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Yanzu ina lise, babbar sakandare, a Tasawa. ’Yan ajinmu waya suke tambaya, ta ba su ma’ana kafin su ƙifta ido, su manta kafin a buga ƙararrawa. Da Kawu na nan, ina jin zai karɓi wayar ya juya ta, ya tambaye ta ko ta san kowa a gari.

Bai bar littafi ba, rabin abin da ya koya mini ma Mushe ya soke shi da jan biro. Amma kujerar da nake kai tasa ce. Makon jiya aka koya mana abin da Turawa ke ce wa mutumin da zai tuɓe rigar jikinsa ya ba ka. Kowa ya duƙa kan waya. Ni ban duba ba. Na tuna ranar da Kawu ya dawo daga kasuwa ba takalmi, ya ce wani makiyayi ya fi shi nisan tafiya.